Yadda Na Bi Sawun Aikin Sanatanmu a Majalisar Dattawa

Aikin ya faɗo a kaina ne a wani zama na ƙungiyarmu, wadda yawancin mambobinta malaman makaranta ne da ƙananan ma'aikata, lokacin da muka yanke shawarar gayyato sanatan da ke wakiltar mazaɓarmu ya zo ya yi mana bayanin abin da ya yi tun da aka rantsar da majalisa ta goma a ranar 13 ga Yuni, 2023. Kafin mu rubuta takardar gayyata sai gardama ta kaure a tsakaninmu. Wasu suka ce mutumin ɗumama kujera kawai yake yi, ba su taɓa jin muryarsa a zauren majalisa ba, wasu kuma suka ce ya gabatar da ƙudirori fiye da goma, kuma sun ga jerinsu a Facebook. Shugabanmu ya ce bai dace mu tsaya a gaban mutum da zargi ko yabo ba alhali ba mu da hujja a hannu, don haka aka ɗora mini alhakin tattaro duk abin da ya faɗa da abin da ya gabatar a majalisa. Na karɓa ina zaton aikin mako guda ne, amma sai da na yi kusan wata uku a kansa, kuma rabin wannan lokaci ya tafi ne a kan abubuwan da, da na san su tun farko, da ban ɓata ko kwana biyu ba.

Na fara da abin da ya fi sauƙi, wato binciken sunansa a intanet. Na samu labaran jaridu da gajerun bidiyo, waɗanda yawancinsu ba su wuce minti ɗaya ba, babu kwanan wata, babu bayanin abin da ake muhawara a kai. Daga nan na rubuta wasiƙa zuwa ofishinsa na mazaɓa, na kai da hannuna, aka buga hatimi a kwafin da na riƙe. Bayan kwana goma sha biyu wani mataimakinsa ya kira ni, na je, ya miƙo mini takardu biyu. Ta farko jerin ayyukan mazaɓa ce, rijiyoyin burtsatse da azuzuwa da fitilun kan hanya, ta biyu kuma tana ɗauke da abubuwa goma sha huɗu da aka haɗa a ƙarƙashin sunan ƙudirori. Na yi masa godiya, na ce takarda ta biyu ita ce nake nema. Ya ce mini, "Malam, yawancin masu zuwa nan ta farko suke tambaya, kai ne na farko da ya nemi wannan." Na koma gida da murna, ina ganin aiki ya ƙare, har na fara rubuta cewa sanatanmu ya kawo dokoki goma sha huɗu.

Allah Ya taimake ni, kafin in kai rahoton wani abokin aikina ya haɗa ni da wani dattijo da ya yi shekaru yana cikin masu rubuta muhawarar majalisa kalma da kalma kafin ya yi ritaya. Na same shi a gida bayan la'asar, ya sa tabarau, ya bi jerin nan da ɗan yatsa, sannan ya ɗauki biro ya ja layi a ƙarƙashin guda biyar. Ya ce, "Ɗana, waɗannan biyar ne kaɗai ƙudirorin doka. Sauran tara buƙatu ne da ya gabatar domin majalisa ta ɗauki matsaya." Na ce, "Baba, ai duk ƙudiri jaridu ke kiransu." Ya ce nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, domin kalma ɗaya ake amfani da ita a Hausa ga abubuwa biyu da hanyarsu ta sha bamban. Ƙudirin doka yana da lamba da ke farawa da haruffan SB idan daga Majalisar Dattawa ya fito, ko HB idan daga Majalisar Wakilai ne, yana bin karatu uku, kuma idan ya kai ƙarshe ya zama doka da ta hau kan kowa. Ita kuwa buƙata, sanata kan miƙe ne ya ja hankalin majalisa a kan ambaliya ko rashin tsaro ko lalacewar hanya, a tattauna, a cimma matsaya a ranar, a yi kira ga ma'aikata ko hukuma ta yi wani abu. Matsayar tana da nauyi a siyasa, tana iya sa kwamiti ya fara bincike, amma ba doka ba ce, kuma ba ta tilasta wa ɓangaren zartarwa yadda doka ke yi. A wannan yammaci na yaga shafin farko na rahotona.

Dattijon ya kuma koya mini cewa kowane zaman majalisa yana barin takardu uku, kuma wanda bai san bambancinsu ba zai yi ta neman abu inda ba a ajiye shi ba. Ta farko ita ce jadawalin zama, wanda ake kira Order Paper, kuma shi yana nuna abin da aka shirya yi ne a ranar, ko an kai gare shi ko ba a kai ba. Ta biyu ita ce taƙaitaccen bayanin zama, Votes and Proceedings, wadda ke nuna abin da aka yi da abin da aka yanke, da sunayen waɗanda suka gabatar da abu ko suka mara masa baya, kuma ita ce ake karantawa a amince da ita a farkon zama na gaba. Ta uku ita ce Hansard, cikakkiyar muhawara kamar yadda ta fito daga bakin kowane sanata, sunan da aka gada daga majalisar Ingila, inda wani mai ɗab'i mai wannan suna ya riƙa buga muhawarorinta a ƙarni na 19. Ya ce in fara da ta biyu, in tattara ranakun da sunan sanatan ya fito, sannan in nemi Hansard na waɗannan ranaku kaɗai. Ya ƙara da cewa zaman zaure yawanci ranakun Talata, Laraba da Alhamis ne, kuma sashe na 63 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya wajabta wa kowace majalisa zama na aƙalla kwana 181 a shekara, saboda haka duk wanda ya ce zai karanta Hansard gaba ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba zai gama ba.

Makonni uku da suka biyo baya na yi su ne a gaban kwamfuta da daddare. Wasu takardun na same su a shafin majalisar na intanet, wasu a shafin cibiyar PLAC da ke Abuja, wadda ke bibiyar ƙudirori tana nuna matakin da kowanne ya kai. Ban biya ko kwabo ba kafin in sauke su, abin da ya ci mini kuɗi shi ne data da buga takardu, domin na ga idona ba zai jure karanta ɗaruruwan shafuka a fuskar kwamfuta ba. Na ja layuka a wani babban littafi: kwanan wata, lambar ƙudiri, matakin da yake, abin da sanatan ya yi. A nan na gano cewa daga cikin ƙudirorin doka biyar ɗin, uku sun tsaya a karatu na farko. Da na koma wurin dattijon da wannan labari, sai ya bayyana mini cewa karatu na farko ba ya wuce a ambaci sunan ƙudirin a zaure, ba a muhawara, ba a ƙuri'a a kan abin da ke ciki, abin bai fi minti ɗaya ba. Muhawara tana zuwa ne a karatu na biyu, inda mai ƙudirin ke miƙewa ya gabatar da hujjojinsa a kan manufar ƙudirin gaba ɗaya, takwarorinsa su goyi baya ko su soka, kuma idan ƙudirin zai ci kuɗin gwamnati, kamar kafa sabuwar makaranta ko hukuma, dole ya zo da ƙiyasin abin da zai ci. Biyu daga cikin nasa sun tsallake wannan mataki an miƙa su ga kwamiti. Na ji wani iri a raina a daren nan, domin adadin da muke ta gardama a kansa ya sauko daga goma sha huɗu zuwa biyu, kuma na fara karkata ga ra'ayin masu cewa ba ya komai.

Neman Hansard ya fi ɗaukar lokaci. Wasu ranakun ban same su a intanet ba, sai na rubuta wasiƙa ina dogaro da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta bai wa hukumomin gwamnati kwana bakwai su amsa, kuma ba ta buƙaci mai nema ya faɗi dalilinsa ba. Kuskuren da na yi a wasiƙar farko shi ne na nemi "duk jawaban" sanatan, ba tare da kwanan wata ba. Wata ma'aikaciya ta kira ni ta yi mini bayani cikin mutunci cewa ana ajiye muhawara ne bisa ranar zama, ba bisa sunan sanata ba, don haka in aiko da ranakun da nake so. Na sake rubutawa da ranaku goma sha ɗaya da na ciro daga littafina, na haɗa da lambar wayata da adireshin imel. Ta kuma ba ni shawarar in duba bidiyon zaman da ake yaɗawa kai tsaye, wanda ke nan a YouTube, domin idan ina da kwanan wata da jadawalin ranar zan iya gane wurin da ake batun da nake nema ba tare da na kalli sa'o'i huɗu ba. Wannan shawara ta rage mini wahala matuƙa, kuma ita ce ta sa na fara jin muryar mutumin a cikin cikakkiyar muhawara, da abin da aka faɗa kafinsa da amsar da aka ba shi.

Duk da haka dattijon ya nace cewa sai na je na zauna a wurin 'yan kallo ko da sau ɗaya, domin akwai abin da takarda ba ta nunawa. Na nemi mataimakin sanatan ya taimaka, ya sa sunana a jerin baƙi na wata ranar Talata da Laraba. Na isa harabar majalisar da ke unguwar da ake kira Three Arms Zone da sassafe, da katin shaidar ɗan ƙasa da kwafin wasiƙata. An duba sunana a ƙofa, an bincike ni, an ba ni katin baƙo na rataya a wuya, sannan aka gargaɗe mu cewa a wurin 'yan kallo ba a tafi, ba a magana, ba a sa baki ko da mutum ya ji abin da ya sosa masa rai. Na zauna fiye da sa'a guda ina kallon jajayen kujerun nan da na saba gani a talabijin, sanatoci na shigowa ɗai-ɗai. Su 109 ne, uku daga kowace jiha cikin jihohi 36 da ɗaya daga Babban Birnin Tarayya, kuma sashe na 54 na kundin tsarin mulki ya ce sai kashi ɗaya bisa uku sun hallara, wato mutum 37, kafin zama ya inganta. Can sai aka yi sanarwa kowa ya miƙe, mai ɗauke da sandar majalisa ya shigo da ita a kafaɗa, Shugaban Majalisar Dattawa na biye da shi, aka ɗora ta a kan teburi, aka yi addu'a, aka amince da bayanin zaman da ya gabata. Ba a jima ba shugaban masu rinjaye ya nemi a shiga zaman sirri, aka fitar da mu duka har da 'yan jarida. Na tsaya a baranda kusan minti hamsin ina fargabar tafiyata ta zama ta banza. Wani ɗan jarida da ya ga damuwata ya ce in kwantar da hankalina, abu ne da aka saba, kuma idan an buɗe ƙofa shugaban zai faɗi a taƙaice abin da aka tattauna. Haka kuwa aka yi.

A ranar farko sanatanmu bai yi magana ba, ko da yake sau biyu na ga ya ɗaga hannu. A nan na fahimci cewa sanata ba ya magana sai shugaban zama ya kira shi, kuma daga kujerar da aka ware masa, kuma idan masu neman magana sun yi yawa ana iya rufe muhawara da dama ba su samu ba. Hansard ba ya rubuta wanda ya ɗaga hannu ba a kira shi ba. A rana ta biyu ne na ga abin da ya sauya rahotona. Wani kwamiti ya gabatar da rahotonsa a kan wani ƙudirin doka, sai majalisa ta rikiɗe ta zama kwamitin zaure gaba ɗaya domin bin ƙudirin sashe bayan sashe. Na ga an sauke sandar daga mazauninta na sama an mayar da ita ƙasa, shugaban kuma aka koma kiransa shugaban kwamiti. Kujeru da dama sun zama wayam, 'yan jarida ma wasu sun fita, domin aikin ba shi da armashi: a kira lambar sashe, a tambaya ko an amince, a buga guduma, a wuce. Da aka zo wani sashe da ya ce neman rajista sai ta intanet kawai, sai mutumin namu ya ɗaga hannu, aka kira shi, ya miƙe da kwafin ƙudirin a hannu, duk ya cika gefensa da rubutun jan biro. Ya faɗi sunansa da mazaɓarsa kamar yadda kowannensu ke yi, sannan ya ce akwai ƙauyuka da yawa da babu sabis, kuma sashen a yadda yake zai hana mutanensu abin da dokar ta zo ba su, don haka a ƙara kalmomin da za su ba da damar miƙa takarda da hannu a ofishi mafi kusa. Wani sanata ya mara masa baya, shugaban kwamitin da ya kawo rahoton bai yi jayayya ba, aka amince. Duka abin bai kai minti uku ba, babu jaridar da na ga ta ɗauka washegari, kuma ƙudirin ba nasa ba ne, don haka ba zai taɓa fitowa a jerin da ofishinsa ya ba ni ba.

Abu na gaba da ƙungiya ta nema shi ne yadda ya kaɗa ƙuri'a a kan manyan batutuwa, kuma a nan na ci karo da bango. Yawancin hukuncin zaure ana yanke shi ne da ƙuri'ar murya: shugaba ya ce masu goyon baya su amsa, masu adawa su amsa, ya saurari ɓangaren da ya fi ƙarfi ya buga guduma. Babu sunan kowa a rubuce. Sunaye na fitowa ne idan wani sanata ya ƙalubalanci hukuncin ya nemi a rarrabe, a kira kowa ya faɗi matsayinsa, ko kuma a wajen gyaran kundin tsarin mulki da ke buƙatar a ƙirga kashi biyu bisa uku. Misalin da mutane suka fi tunawa shi ne na watan Yulin 2021, a majalisa ta tara ƙarƙashin Sanata Ahmad Lawan, lokacin muhawara a kan aika sakamakon zaɓe ta na'ura, inda shugaban marasa rinjaye na lokacin, Sanata Enyinnaya Abaribe, ya nemi a rarrabe. Sanatoci 52 suka zaɓi a ɗora sharaɗin amincewar hukumar sadarwa ta NCC da ta majalisa, 28 suka ƙi, kuma saboda sunaye sun fito fili jama'a suka san wanda za su tuhuma, daga baya majalisar ta janye sharaɗin. A ganina wannan babban giɓi ne a tsarin, domin wakili da ba a san ƙuri'arsa ba da wuya a yi masa hisabi na adalci, kuma da so samu ne a riƙa rubuta sunaye a kan kowane ƙudiri da ya kai karatu na uku. Amma ban yarda a raina muhawarar baki ba. A watan Mayun 2006, lokacin da Sanata Ken Nnamani ke shugabanci, sanatoci sun yi kwanaki suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya a gaban kyamara suna faɗin matsayinsu a kan ƙudirin tazarcen Shugaba Obasanjo, kuma a ranar 16 ga watan ƙudirin ya mutu da ƙuri'ar murya, bayan ƙasa duka ta riga ta ji abin da kowa ya ce. A rahotona na rubuta a sarari cewa a kan yawancin batutuwa ba za a iya tabbatar da ƙuri'ar sanatanmu ba sai ta abin da ya furta a muhawara, kuma na hana kaina cike gurbin da zato.

Tafiyata ta biyu ta kasance domin zaman jin ra'ayin jama'a na wani kwamiti da yake mamba a ciki. Na ga sanarwar a jarida, ana gayyatar masu ruwa da tsaki su aika da takardar ra'ayinsu ga akawun kwamitin kafin ranar, a buge da kuma ta imel. Ƙungiyarmu ta rubuta shafi biyu, muka aika kwana biyar kafin zaman. Ɗakin ya cika da shugabannin hukumomi da lauyoyi da wakilan ƙungiyoyi, an fara a makare da kusan sa'a biyu, kuma da aka zo kanmu minti uku aka ba ni. Muryata ta ɗan yi rawa da farko, amma da yake na riga na ja layi a kan batutuwa biyu da nake son faɗa, na gama kafin lokaci ya cika. A ɗakin nan na ga sanatan ya yi wa shugaban wata hukuma tambayoyi huɗu a jere game da kuɗin da aka ware da wanda aka saki, yana karanto shafi da layi daga takardar hukumar. Ikon yin irin wannan tambaya yana cikin sashe na 88 da na 89 na kundin tsarin mulki, waɗanda suka bai wa majalisa damar bincike da kiran shaidu. Abin lura shi ne aikin kwamiti ba ya shiga Hansard na zaure, sai dai rahoton da kwamitin ya kawo daga baya, don haka mai son sanin ƙwazon sanata a nan sai ya nemi rahoton ko ya halarci zaman da kansa.

Na kuma bi sawun ƙudirorinsa biyu da suka wuce karatu na biyu. Ɗaya yana hannun kwamiti har lokacin da na rufe bincike. Ɗayan ya tsallake karatu na uku an aika shi Majalisar Wakilai, mai mambobi 360, domin sashe na 58 ya ce sai majalisun biyu sun amince da abu iri ɗaya, idan kuma aka samu saɓani a kafa kwamitin haɗin gwiwa ya daidaita. Bayan haka Akawun Majalisar Tarayya ya aika wa Shugaban Ƙasa, wanda ke da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. Idan ya ƙi, kashi biyu bisa uku na kowace majalisa na iya zartar da dokar ba da sa hannunsa ba, kamar yadda aka yi wa dokar kafa hukumar raya yankin Neja Delta a shekarar 2000 zamanin Shugaba Obasanjo, amma hakan ba kasafai yake faruwa ba. Kuma duk ƙudirin da bai kammala ba kafin wa'adin majalisa na shekara huɗu ya ƙare, sai an sake gabatar da shi a sabuwar majalisa. Dokar man fetur da aka fara kai wa majalisa a 2008 ba ta samu sa hannu ba sai a watan Agustan 2021, bayan ta ratsa majalisu da dama. Sanin wannan ya sa na daina ɗaukar rashin zama doka a matsayin laifin sanata shi kaɗai, kamar yadda na daina ɗaukar karatu na farko a matsayin abin yabo.

Rahoton da na miƙa wa ƙungiya shafi tara ne, kuma bai gamsar da kowane ɓangare gaba ɗaya ba. Ya nuna mutum ne da ba ya yawan magana a manyan muhawarori, har akwai batutuwa biyu da suka shafi yankinmu kai tsaye waɗanda ban ga ya ce uffan a kansu ba, ƙudirorinsa uku kuma ya bar su tun karatu na farko ba tare da alamar ya bi su ba. Ya kuma nuna mutum ne mai karanta ƙudiri kafin ya shiga zaure, mai halartar kwamiti da shiri. Wanda zai yi irin wannan aiki bayana, ina ba shi shawara ya raba ƙudirin doka da buƙata tun daga ranar farko, ya rubuta matakin kowane ƙudiri kusa da lambarsa, ya tattara ranaku kafin ya nemi Hansard, kuma kada ya dogara da gajeren bidiyo sai ya ga abin da ya gabace shi da abin da ya biyo baya. Ya nemi sanin kwamitocin da sanatan ke ciki tun da wuri, domin ni sai a wata na biyu na yi hakan, alhali can ne rabin aikin yake. Ya ajiye kwafin kowace wasiƙa mai hatimi, ya duba kalandar majalisa kafin ya yi tafiya don kada ya faɗa cikin hutu, kuma ya ware kwana biyu a jere idan zai je kallo, saboda abin da ke jadawalin Talata yakan koma Laraba ko wani mako.

Akwai wani abu da ya tsaya mini a rai a tsawon aikin nan. Duk takardun da na karanta da Turanci suke, Turancin ma na lauyoyi, alhali sashe na 55 na kundin ya ce ana iya gudanar da harkokin majalisa da Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya dace. Mafi yawan waɗanda suka yi layi suka zaɓi wannan mutum ba za su iya karanta abin da ya faɗa da sunansu ba. Saboda haka na ɗauki ƙarin mako guda na mayar da jawabansa goma sha ɗaya zuwa Hausa, kowanne da kwanan watansa da batun da ake tattaunawa, dattijon nan ya duba mini su ya gyara wurare da dama, muka buga muka raba wa mambobi kafin ranar taro.

Sanatan ya amsa gayyatarmu bayan wata guda. Shugabanmu ya yi masa maraba, ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ayyukan mazaɓa muka tara ka a kansu yau ba, tambayoyinmu a kan zaure ne." Wata malama ta miƙe da takardar a hannunta, ta karanto masa lambobin ƙudirori ukun da suka tsaya, ta tambaye shi dalili. Ya yi shiru kaɗan, ya nemi a miƙo masa takardar, ya duba, sannan ya ce ɗaya ya janye hankalinsa daga kansa ne da gangan saboda akwai makamancinsa da ya taso daga Majalisar Wakilai ya riga shi nisa, sauran biyun kuwa ya amsa cewa bai matsa wa kwamitin tsara jadawali a sa su ba, kuma zai yi hakan idan an dawo daga hutu. Sakatarenmu ya rubuta alkawarin da kwanan wata, aka ba ni aikin duba jadawalin zama kowace Talata har sai lambobin nan biyu sun fito.